Ɗumin Mutum Biyu

"Lafiya lau na tashi, sai yanzu da na gan ka," in ji Uberlinda, ba ta ko ɗago kai daga famfon man da take kwancewa ba. "Ya gida? Ya gizo-gizon da kake kiwo a ciki?"

"Suna gaishe ki. Sun ce in tambaya ko har yanzu kina ɓata wa mutane motoci da sunan gyara."

"Jawo mini ƙofa, Tsinke. Kai ko da rani ka shigo wuri sai an ƙara itace a murhu."

Rosamel Cárcamo ya jawo ƙofar garejin, ya tsaya yana kakkaɓe ƙanƙara daga takalminsa. Safiyar Talata ce a tsakiyar Yuni, lokacin hunturu a wannan ƙasa ta kudancin duniya. Iska ta ɗauke tun shekaranjiya, hayaƙin murhunan garin Coyhaique ya kwanta a kansa ya ƙi tashi. A bakin garejin ya ajiye motar, tsohuwar farar bas ta kai burodi, wadda har yanzu ake iya karanta sunan gidan burodin a ƙarƙashin fentinta.

Motar 'yarsa ce, Millaray. Shekara biyu ta yi tana mayar da ita ɗakin kwana da hannunta. Ta cusa ulun tumaki a bango da rufi, ta ƙera siraran gadaje biyu, ta yi wa tukunya da buta mazauni don kada su faɗo a kan gargada. Hita kaɗai ta rage mata ta sa, sai ciwon jini ya kwantar da ita. Wata bakwai ta yi a wani asibiti can arewa, ta rasu a Agustan bara tana da shekara talatin da ɗaya. Burinta shi ne ta kai motar ƙarshen hanyar kudu, Villa O'Higgins, a ranar da ta fi kowace rana gajarta a shekara. Da ranar ta same ta a gadon asibiti, sai ta ce wa mahaifinta ba komai, motar za ta je ko da ita ko ba ita. Bana ranar ta faɗo Lahadi. Saura kwana biyar ke nan, kuma ba a kwana a mota a wannan hanya cikin hunturu babu wuta.

Uberlinda Mansilla taubashiyarsa ce, 'yar gwaggonsa. Ta girme shi da shekara biyu, ta kusa ninka shi a nauyi. Garejin na marigayi mijinta ne, amma tun yana raye kowa ya san ita ke jin ciwon inji da kunne. Wasan da ke tsakaninta da Rosamel ya girme su duka biyun. An ce lokacin da iyayensu suka shigo yankin suna yara, uban Rosamel ne ya goya ƙanwarsa ya ƙetare kogi da ita, ruwa har wuya. Tun daga nan zuriyar wan suke kiran zuriyar ƙanwar kayan babansu. Su kuma suna cewa ai ashanar gidan gaba ɗaya a cikin kitson yarinyar take, da ba don ita ba da ɗanyen nama za a ci a hayin kogin, don haka duk wutar da wani Cárcamo ya taɓa jin ɗuminta aro ce.

"Hita nake so, Kayan Babana," in ji Rosamel. "Ta dizal. Mai kilowat takwas."

Sai a lokacin ta ajiye sifana ta dube shi.

"Mai takwas. Coci za ka ɗumama, ko rago za ka gasa?"

"Mota."

"Wace motar?"

"Kin san wace mota."

Ta sani. Ta goge hannu da tsumma, ta jawo butar da ke gefen murhu, ta cika ƙoƙo da ganyen mate, shayin yankin da ake zuƙa da bututu. Ta sha na farko mai ɗaci da kanta, ta sake zuba ruwa ta miƙa masa. Ya zuƙe, ya mayar mata, ya ce ya gode. Wanda ya gode kuwa ya ƙoshi ke nan, ba a sake miƙa masa. Tun Agusta haka yake yi a duk gidan da ya shiga: ƙoƙo ɗaya, godiya, sai neman hula. Ta tura masa farantin soyayyen burodi ma, ya yi kamar bai gani ba.

"Mai biyu za ka sa," ta ce.

"Mai biyu ta ɗumama kwandon kyanwa ce. Na gan ta, ba ta fi burodi girma ba."

"Ɗan hakin da ka raina."

"Ɗan haki ba ya hana mutum daskarewa."

Ya tuna mata, a hankali kamar mai karanta rahoto, cewa shekara goma sha ɗaya ya yi yana awon wannan hanyar tun ba ta zama hanya ba. Ya san sanyin da ke daskarar da tawada a bakin alƙalami. A sansani ganga suke rabawa biyu su cika ta da itace, kuma bai taɓa jin wanda ya mutu don wuta ta yi masa yawa ba.

"Wuta ba ta yawa, Ube. In ta yi yawa ka rufe mata iska, ta kwanta, ta kai ka safiya."

"Ka ji ɗan murhu," ta ce wa famfon man da ke kan tebur, kamar shi ne alƙalin zaman.

Ta ce wannan ita ce cutar mutanen garin nan kaf. Duk wanda aka haifa a gindin murhun itace yana ɗaukan kowace wuta 'yar'uwar murhu ce, in ya zo sayen hita sai ya nuna mafi girma kamar mai zaɓen sa. Hitar dizal kuwa ba ta yarda a shaƙe ta. Babba a ƙaramin ɗaki, minti goma ta gasa ka. Ka rage ta, ta yi ta ci ƙasa-ƙasa, man ba ya ƙonewa duka, kunkunniya ta yi ta taruwa a cikinta. Ko kuma ka kashe ka kunna, ka kashe ka kunna, kowace kunnawa tana lasar batir. Kwana uku, kwana huɗu, wata safiya ka danna ta yi tari, ta fesa farin hayaƙi, ta yi shiru. Ƙarama ita da ƙarfinta take aiki, wutarta jawur, cikinta fes.

"Doki ce," ta ce. "In ba ta yi gudu ba ciwo take yi. Kai kuma so kake ka ɗaure doki a akurki."

"Yau kaji sun shiga makanikanci."

Ba ta kula shi ba. Ta ba shi labarin wani direban babbar mota da ya taɓa nacewa sai mai takwas a ɗan kejin da yake kwana. Daren farko da ɗan kamfai ya kwana, ƙofa a buɗe, ƙanƙara na sauka a kan cibiyarsa. Rana ta huɗu kuwa wani makiyayi ne ya tsince shi a bayan Cerro Castillo ya naɗe kansa da tabarmar mota, gashin bakinsa ya zama tsintsiya.

"Duk shekara direban nan yana ƙara tsufa a bakinki," in ji Rosamel. "Wancan karon ce mini kika yi limamin coci ne."

"Mutum biyu ne. Wauta ba ta da ɗa ɗaya."

"Faɗi gaskiya dai, mai takwas ta ƙare miki."

Ta nuna masa kantar kaya da haɓa. Kwalaye uku ne jere, kowanne da babban takwas a jikinsa.

"Ga su can suna jiran irinka. In ma gaya maka sirrin kasuwa, yawancinsu mai biyar ce aka sauya wa takarda. Kamar dai yadda aka liƙa maka Injiniya a gaban suna."

"Ni jami'a ta ba ni."

"Jami'ar ta koya maka hura wuta? Kai ne fa kana shekara bakwai ka ce za ka aure ni, na ba ka ashana uku na ce nuna mini, ka ƙone girarka."

"Allah ne ya cece ni. Gira ta tsiro. Wanda ya aure ki kuwa har yau bai tashi ba."

Uberlinda ta yi dariya har sai da ta dafe teburin. Shekara tara da rasuwar mijinta, kuma Rosamel kaɗai ke da izinin taɓa shi. Wasansu ba ya barin kowa, ya taɓa uwaye da ubanni, ya taɓa matar Rosamel da ta rasu tun Millaray tana firamare, wadda ciwonta ya dawo da shi gida kafin hanyar ta kai ƙarshe. Sunan Millaray ne kawai wasan bai kusanta ba tun bara, ga kuma motarta a ajiye a bakin ƙofa, ƙanƙara na taruwa a kan gilashinta.

"Shigo da ita," ta ce da dariyar ta lafa. "In ga ɗakin kafin in yi masa murhu."

Ta buɗe babbar ƙofa, ya shigo da motar a hankali. Da ta ja ƙofar gefe sai warin ulu da ɗanyen katako ya fito. Komai yana inda mai shi ta bar shi. A kujerar gaba ta gefen direba akwai littafin aikinta mai baƙin bango, an ɗaure shi da roba. Tun kafin ta kwanta yake nan. Rosamel yana goge ƙurar da ke kansa duk Asabar, bai taɓa buɗe shi ba.

Uberlinda ta hau da ƙyar, motar ta yi ƙasa ta gefe ɗaya.

"A hankali," ya ce. "Burodi aka ƙera ta ta ɗauka, ba gidan burodin ba."

"Ubanka ya ɗauki uwata bai yi ƙorafi ba."

Ta durƙusa ta ɗaga murfin wani ɗan akwatin katako da ke ƙarƙashin gadon hagu. A ƙasansa an riga an huda ramin salansa da na bututun mai, an shafe bakinsu da jan fenti don tsatsa. Ta zaro igiyar awo daga aljihu ta miƙa masa baya ba tare da ta juyo ba.

"Ga sana'arka. Gwada mini."

Ya gwada tsawo, ya gwada faɗi, ya sake gwadawa don bai taɓa yarda da awo ɗaya ba. Sannan ya je wajen kantar ya gwada mai takwas. Ta fi akwatin tsawo da faɗin tafin hannu.

"Sai a yanke bangon akwatin," ya ce. "A ɗan ci ƙafar gadon."

"Sai a yanke," ta ce.

Ta sauko, ta ɗauko zarto daga ƙusa, ta sa masa a hannu.

"Ni dai hannuna ba ya ciki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yanke, in ɗaura maka dokinka, ka je ka zama mutum na uku a labarina."

Rosamel ya hau motar, ya durƙusa inda ta durƙusa. Ya ɗora haƙoran zarton a kan katakon. A daidai wurin akwai layin fensir siriri, miƙaƙƙe, da wata 'yar alama mai kamar ƙafar tsuntsu a ƙarshensa. Shi ya koya mata wannan alamar tana shekara tara, a kan teburin kicin, ya ce mata mai awo na gari ba ya barin layi babu shaidar inda ya tsaya. Ya daɗe yana kallonta. Daga cikin garejin babu abin da ake ji sai butar da ke huci a kan murhu.

Ya ajiye zarton a kan gado.

"Sanyi nake ji, Ube," ya ce, bai juyo ba. "Tun Agusta. Ina cika murhun gida har ƙarfen ya yi ja, in zauna a gabansa da kwat. Ban san ko mai takwas za ta isa ba ma."

Ba ta ce masa ya yi haƙuri ba. An gaya masa haka sau ɗari, ta san inda yake ajiye irin wannan magana. Ta jawo tsani, ta jingina shi da kantar kaya, ta hau tana nishi tana zagin wanda ya ƙera matakalar. Daga can sama, bayan wasu tsofaffin tayoyi, ta sauko da ƙaramin kwali mai ƙura. Ta hure shi, ta ajiye a bakin ƙofar motar.

Mai biyu ce, sabuwa. An liƙa takarda a jikin kwalin, an ninke ta biyu.

Ta ce Millaray ce ta zo ta zaɓe ta, sati biyu kafin ta kwanta. Ta zauna a kan wancan galan ɗin, ta sha mate har ganyen ya salance, ta yi mata lacca a kan yadda ɗumi ke gudu ta gilashi, don aikinta ke nan, auna inda gidaje ke zubar da zafinsu. Ta ce a ajiye mata zuwa Maris.

"Karen bana shi ke maganin zomon bana. Duk abin da na gaya maka ɗazu rabi daga bakinta na ji."

"Wata goma da rasuwarta, kina ajiye da wannan."

"Sau uku na je gidanka. Sau uku ka tare ni a bakin ƙofa kamar mai tallar tsintsiya. Ba a ba mutum irin wannan takarda a tsaye."

Ya zauna a bakin motar, ya sa tabarau, ya warware takardar. Rubutunta ne, ƙanana, masu karkata hagu. Da kalmomi ne zalla da ya mayar ya ninke. Amma lambobi ne, lambobi kuwa bai taɓa jin tsoronsu ba. Ya zaro fensir daga aljihun kwat ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ta ɗauki dare mafi muni, digiri goma sha biyar ƙasa da sifili. Ta lissafa abin da bango da rufi za su zubar, da na ƙasa, da na gilashin gaba, da na iskar da dole a bari ta shiga don numfashi. Duka ya kama wat dubu biyu da ɗari da tamanin. Ya tara da kansa a gefe, ya samu daidai. A ƙasa ta rubuta abin da zai shigo. Hita, dubu biyu. Sai layi na biyu.

Jikin mutum biyu, ni da Baba, ɗari biyu.

Ta ja layi, ta sa 'yar ƙafar tsuntsunta a ƙarshe, ta rubuta: Ya isa, in dai Baba ya ci abinci.

Fensirin ya tsaya a kan layin. Shi duk zatonsa da wata ƙawarta za ta yi tafiyar. Ya ga gado biyu, bai taɓa tambaya ba, ita ma ba ta faɗa ba. Sai yanzu ya lura gadon dama ya fi na hagu tsawo, an ci wurin kabad don a ƙara masa taƙi ɗaya. A duk danginsu mutum ɗaya ne ƙafafunsa ke leƙowa daga kowane gado.

Uberlinda ta koma ga famfon manta, ta yi ta juya wani noti da ba ya bukatar juyi. Ta bar shi har ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Lissafin daidai ne," ya ce daga baya. "Ba kuskure ko ɗaya."

"Ta gado uwarta."

"Amma yanzu ya gaza. Saura tamanin."

"Ya gaza," ta ce. "Babba ta kashe kanta da kunkunniya, ƙarama kuma an yanka ta ne daidai mutum biyu. Ka ga ta inda 'yarka ta kama ka."

Ya ninke takardar a kan tsohon ninkinta. Shi mai awo ne, ya san tamanin ba komai ba ce, kuma ya san ta sani.

"Bargo ɗaya zai cike wannan."

"Bargo zai cike. Bargo ba ya zuba maka mate. Bargo ba ya sauka ya ɗaura wa taya sarƙa a kan tudu. In ka yi shiru kwana biyu, bargo ba ya zaginka."

"To sai in nemi kare."

"Wane karen zai bi ka? Kare ma yana duba fuska." Ta jefar da tsumman a kan tebur. "Ni zan je."

Ya ɗago ya dube ta ta saman tabarau.

"Takardar ta ce mutum biyu. Ba ta ce mutum ɗaya da kaya ba."

"Kayan nan wat ɗari uku yake bayarwa a zaune. In na ci wake, ɗari huɗu. Ka tambayi unguwa, ƙofar gidana ce kaɗai ƙanƙara ba ta kwana. Bara da wutar lantarki ta ɗauke, a cinyata maƙwabciya ta ƙyanƙyashe ƙwai goma sha biyu."

"Goma ne da kika ba ni labarin a Kirsimeti."

"Biyun daga baya suka fito."

Ya ce a jirgin fiton Puerto Yungay sai an ƙirga ta a layin manyan motoci. Ta ce shi kuma ba za a ƙirga shi ba sam, za a ɗauka sandar tuta ce. Ya ce munsharinta zai zubo da dusar ƙanƙara daga kan duwatsu ta rufe hanya, hukuma ta kama shi. Ta ce gara munshari da shirun da yake yi, wanda ko gawa ta ji sai ta tashi ta nemi hira. Ya tambayi garejin fa, ta ce motocin garin sun shekara arba'in suna lalacewa, sati ɗaya ba zai hana su ba. Ya ce gadon hagu siriri ne. Ta ce ta ga ƙafarsa, yarinyar ta sa masa katako mai kauri biyu, da alama ta san wa zai ƙare a kai.

Wannan ta faɗe shi ne da wasa. Karon farko ke nan da wasan ya taɓa Millaray. Rosamel ya jira ya ji inda zai yi masa ciwo. Ya yi, amma ba irin wanda ya saba ba.

"Kai ka auna hanyar nan shekara goma sha ɗaya ba ka ga ƙarshenta ba," in ji Uberlinda, a hankali yanzu. "Ni ko garin Cochrane ban taɓa wucewa ba. Ita ta so ka gani. Ba ta ce ka je ka zauna kai kaɗai a bakin tafki kana kallon gado ba kowa."

Ta cika ƙoƙon ta miƙa masa, duk da ya riga ya gode, abin da ba a yi. Ya dubi ƙoƙon, ya dubi hannunta mai baƙin mai a ƙarƙashin farce. Ya karɓa, ya zuƙe har bututun ya yi ƙara, ya mayar mata bai ce ya gode ba. Ta sake cikawa.

Sannan ya miƙa hannu ya ɗauki soyayyen burodi ɗaya daga farantin. Ya huce, ya yi tauri. Ya ci shi duka, ya ɗauki na biyu.

"Sharaɗin takarda ne," ya ce, da ya ga tana kallonsa. "Ba don ya yi daɗi ba."

"Ci dai, Tsinke. Yanzu ko wat arba'in ba ka kai ba. Ni ce zan yi ta cike maka gibi har Villa O'Higgins, kamar yadda muka saba yi wa gidanku."

Wata gajeriyar dariya ta kuɓuce masa ta hanci, har ɓurɓushin burodi ya faɗo a kan kwat ɗinsa. Ya kakkaɓe.

"Shi ke nan. Sa mai biyun."

"Ban ji ba, kunnen nan ya tsufa."

"Na ce sa mai biyun, Kayan Babana. Juma'a ƙarfe takwas. In kika makara minti ɗaya na tafi da bargo."

Ta riga ta yanke bakin kwalin da wuƙa. Ta ɗaga hitar da hannu ɗaya, ta hau motar, ta zura ta cikin akwatin. Ta zauna daram, ramukan ƙasa suka haɗu da nata kamar tare aka haife su, ko faɗin ɗan yatsa bai ragu ba. Uberlinda ta ɗan daɗe tana dafe da ita kafin ta nemi sifana mai lamba goma.

Rosamel ya zagaya ya buɗe ƙofar gaba. Ya ɗauki littafin mai baƙin bango daga kan kujera, ya sa takardar a ƙarƙashin robarsa, ya ɗora shi a gaban gilashi, inda mai kallon hanya zai riƙa ganinsa. Sannan ya sunkuya ya ja ƙarfen ƙarƙashin kujerar, ya tura ta baya har ƙarshe. Ya dube ta, ya dubi faɗin bayan taubashiyarsa da ya cika ƙofar gefe, ya sake gwada turawa ko da saura.

"Ube," ya ce. "In hitar ta ƙi tashi a can fa?"

"Ba za ta ƙi ba."

"In ta ƙi."

Ba ta fito da kai daga ƙarƙashin gadon ba. Hannu kawai ta ɗaga, ta laluba cikin furfurar da ta tufke a ƙeya, ta zaro ɗan kwalin ashana ta girgiza masa.

"Miƙo sifanar," ta ce. "Mun taɓa ƙetare ruwa da ku babu ashana?"